Kundin ECO: ƙamus ne, ba malami ba

In ka taɓa leƙa wasannin ƙwararru a ces, wato darar nan mai sarki da sarauniya da doki, ka ga lambobi irin su B90 ko C67 a saman kowane wasa. Daga kundin Encyclopaedia of Chess Openings suka fito, wanda ake taƙaitawa ECO. An wallafa shi a Belgired, juzu'i 5, tsakanin 1974 da 1979, ƙarƙashin jagorancin Aleksandar Matanović. Ya kasa duk hanyoyin buɗe wasa gida 500, daga A00 zuwa E99.

Abin yabo shi ne babu ruwansa da yare. Alamomi ne zalla: "!" taku mai kyau, "?" kuskure, "=" ba wanda ya fi wani. Ko ba ka jin Turanci, za ka iya bin sa.

To amma nan ɗin ne rauninsa. Zai nuna maka takun da gwanaye suka yi, ba zai faɗa maka dalili ba. Ka haddace taku 15, abokin karawarka ya kauce a na 6, shi ke nan, an bar ka a tsaye.

Binciken William Chase da Herbert Simon na 1973 ya haska wannan. An nuna wa gwani da ɗan koyo allo na daƙiƙa 5, aka ce su sake jera 'ya'yan. In jerin daga wasa na gaske ne, gwani ya yi nisa. In an watsa su barkatai, fifikonsa kusan ɓacewa yake. Ke nan tsari mai ma'ana yake ganewa, ba hadda ce kawai ba.

Dubi kuma C67, kariyar Balin. An daɗe ana mata kallon tsohon yayi, sai Kramnik ya ɗauko ta a Landan a 2000. Ana musayar sarauniyoyi tun taku na 8, Kasparov ya rasa ta inda zai kai hari. Bai ci ko wasa ɗaya ba cikin 15, kambun duniya ya suɓuce masa. Layin yana cikin kundin tuntuni, fahimtar ce Kramnik ya zo da ita.

Saboda haka ka riƙe ECO a matsayin ƙamus. Ka zaɓi lamba ɗaya, ka bi cikakkun wasanninta har ƙarshe, kana tambayar kanka a kowane taku: me ya sa?