Renon Sababbin Marubutan Littattafan Yara Masu Hotuna: Abin da Iyakar Jibiya Ke Koya Mana

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu yi tarken hanyar da muka gada ta renon marubuta, mu ga ko za ta ɗauki nauyin littafin yara mai hotuna, musamman a wurin da al'ummu daban-daban suka cakuɗe. Mun zaɓi Jibiya ta Jihar Katsina domin a nan ne matsalar ta fi fitowa fili. Daga Magama zuwa Ɗan Isa ta ƙasar Nijar tafiya ce kaɗan, kuma a kasuwar garin Bakatsine da Bamaraɗe da Bafulatani da Buzu duk da Hausa suke ciniki, amma ba Hausa iri ɗaya ba.

Hanyar da muka gada kuwa sananniya ce. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a lokacin yake koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. A 1936 aka ɗauko Imam zuwa Zariya, East ya tara masa littattafan labaran Larabawa da na Turawa, yana rubutawa suna dubawa tare, har aka sami Magana Jari Ce, wanda aka fara bugawa a 1937. Ba mu musun cewa wannan reno ya yi albarka. Ubangida da yaronsa sun zauna wuri guda wata da watanni, abin da yau ba kasafai ake samu ba, domin mun mayar da reno taron bita na kwana uku, a raba takardar shaida a watse.

Sai dai akwai abubuwa biyu da ya kamata mu lura da su. Na farko, aikin Zariya aiki ne na daidaita harshe, watau a tattara kowa a kan Hausa guda wadda ta fi karkata ga Kananci. Na biyu, hotunan Magana Jari Ce wata Baturiya ce, Jacqueline de Naeyer, ta zana su, kuma ado ne ga labarin da ya riga ya cika da kansa. Idan aka cire su labarin bai ragu da kome ba. Littafin yara mai hotuna kuwa ba haka yake ba. A cikinsa hoto ne ke ɗauke da rabin magana, wani lokaci ma fiye, domin yaro ɗan shekara biyar hoton yake fara karantawa kafin baƙi. Saboda haka wanda ya reni marubuci ya bar mai zane, rabin aiki ya yi.

Bari mu kawo misali daga ajinmu. Wata ɗaliba da ta tashi a wani ƙauye na kan iyaka ta rubuta ɗan labarin koyon ƙirga: yarinya ta bi kakarta kasuwa da ƙullin kuɗi iri biyu, naira da sefa. A labarin akwai dala, wadda a Nijar take nufin sefa biyar, da jaka, watau sefa dubu. Akwai lakwal a maimakon makaranta, da duwan a maimakon kwastan, kuma kakar tana kiran yarinyar ɗiyata. Da muka karɓi rubutun sai muka sa jan alƙalami muka bi waɗannan kalmomi ɗaya bayan ɗaya, muka mayar da su daidaitacciyar Hausa. Da ta sake kawo shi babu kuskure ko ɗaya, amma labarin ya mutu. Abin da ya sa shi daɗi tun farko shi ne ruɗewar yarinya da ta ga abu guda yana da suna biyu da farashi biyu, mu kuwa mun share wannan da hannunmu. Laifin namu ne, kuma mun yi shi ne da kyakkyawar niyya, irin wadda aka koya mana.

Kada a ɗauka muna cewa a yi watsi da ƙa'idojin rubutu. Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun yi ƙoƙarin kusanto da rubutun Hausa na ƙasashen biyu, kuma yaron da ke koyon karatu yana bukatar baƙaƙe tsayayyu. Amma ƙa'idar rubutu daban, zaɓen kalma daban. Muna ganin muryar mai ba da labari ta bi daidaitacciyar Hausa, bakin taurarin labari kuwa a bar shi da karinsa. Inda kalma za ta yi wa yaron Kano nauyi, hoto ya fassara ta: a zana allo da ɗalibai a ƙarƙashin kalmar lakwal, magana ta ƙare.

Haka nan zanen kansa yana bukatar tarke. Sau da yawa mai zane yakan kwaikwayi abin da ya gani a littattafan waje, sai ka ga rugar Fulani da rufin kwano, ko Buzu da rawanin hakimi. Marubucin da ya fito daga cikin waɗannan al'ummu shi ya san bambancin, amma ba a cika tambayarsa ba, domin an saba a gama rubutu sannan a aika wa mai zane da bai taɓa ganinsa ba. Aikin mai reno a nan shi ne ya haɗa su biyun tun daga shafin farko, ya kuma yarda cewa a wannan fage ɗalibinsa ya fi shi sani. Wannan yana da wuya ga malami, mu ma shaida ne.

Akwai kuma batun masu karatu. Nijar ta fara gwajin koyarwa da Hausa a firamare a Damagaram tun 1973, kuma a 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Ke nan littafin da aka rubuta a Jibiya yana da yara masu jiransa a Maraɗi da Tasawa, ba a Katsina kaɗai ba. Rufe iyakar da aka yi a 2019, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 2023, sun nuna mana yadda zirga-zirgar kaya ke tsayawa cikin dare ɗaya, alhali zumunta da auratayya ba su tsaya ba. Yaran da suka ga wannan da idonsu yanzu suna cikin azuzuwanmu na kwalejojin ilmi, wasunsu suna son su rubuta.

Ita kuwa ɗalibar da muka ambata, mun mayar mata da rubutunta na farko, muka roƙe ta ta dawo da kalmominta, muka haɗa ta da wani ɗalibi na sashen zane wanda mahaifiyarsa 'yar Maraɗi ce. Har yanzu suna gardama a kan shafi na huɗu, ko kakar za ta yafa gyale ko zane.