Madatsar Tiga: Kifin da Ake Ƙirgawa da Wanda Aka Manta

Idan ka saurari masu yabon madatsar ruwa ta Tiga, abu uku za ka ji suna lissafawa: noman rani, ruwan sha ga birnin Kano, sai kuma kifi. Na ukun nan muke so ka duba da idon basira, domin lissafinsa bai cika ba.

An kammala Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a kan Kogin Kano. Faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 178. Aikin da aka gina shi dominsa shi ne ya tara ruwan damina, ya riƙa sakinsa ta babban kanal zuwa gonakin Kadawa, Kura da Bunkure. Ka lura, ba don kifi aka yi shi ba. Kifi ya zo ne daga baya, masunta suka biyo shi da kwalekwale da taru, har yau kuma ana kama karfasa da tarwaɗa. Wannan gaskiya ne, ba mai musu.

To amma ina ruwan nan yake zuwa a da? Kogin Kano yana haɗuwa da na Challawa, su zama Kogin Haɗeja, wanda kan malala kowace damina a fadamun Haɗeja da Nguru. Wannan malalar ita ce gidan haihuwar kifi. Da ruwa ya hau kan ciyawa, kifaye sukan bi shi su zuba ƙwai, ƙananan su sami abinci da mafaka, kafin ruwa ya janye su komo cikin kogi da ƙiba. Madatsa kuwa tana riƙe ruwan ne daidai lokacin da kifi yake jiransa. Fari na shekarun 1970 da 1980 ya taimaka wajen rage malalar, sannan madatsar Challawa ta ƙaru a 1992.

Akwai wata ɓarnar kuma. Ruwan da ake saki da rani ya hana wasu rafuka bushewa kamar yadda suka saba, sai kacala ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta hana kwalekwale wucewa, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi.

A 1998, masana Edward Barbier da Julian Thompson sun kwatanta ribar manyan ayyukan ban-ruwa na sama da asarar da fadamun ƙasa ke yi a noma, su da itace. Sakamakonsu ya nuna ribar ba ta rufe asarar ba.

Ga inda yabon ya gaza ke nan. Ana auna kwandon masuncin Tiga, ba a auna wanda ya ragu a hannun ɗan'uwansa na Nguru, alhali kogi ɗaya ne yake ciyar da su.

Ba cewa muke a rushe madatsa ba, ai manoman Kura ma da ita suke ci. Abin da masana suka daɗe suna ba da shawara shi ne a riƙa sakin ruwa mai yawa a tsakiyar damina, yadda zai kwaikwayi malalar asali. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke riƙe da makullin. Don haka idan wani ya sake ce maka Tiga ta kawo kifi, tambaye shi ko ya haɗa da na Haɗeja da Nguru a lissafin.