Tayar Tsere Mai Saƙar Gicciye a Kan Titin Gari

Tseren dirag gasa ce ta motoci biyu a kan miƙaƙƙen titi, daga tsaye cak zuwa ƙarshen kwatan mil, wato ƙafa 1,320 ko kimanin mita 402. Babu kwana, babu juyi, kamar dai sukuwar dawakai. A Amurka ya yi ƙarfi, kuma a can ne Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951 domin ya janye samari masu tsere daga titunan jama'a zuwa filayen da aka tanada. A irin wannan gasa, sau da yawa tun a ƙafa 60 na farko ake sanin wanda zai ci, domin a nan ne ko dai taya ta kama ƙasa ta wurga mota gaba, ko ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana hayaƙi. Saboda waɗannan 'yan taku aka ƙera taya ta musamman. Daga baya wasu masu motoci masu ƙarfin inji suka ɗauki al'adar barin ta a ƙafafun baya suna zirga-zirgar yau da kullum da ita, zuwa wurin aiki, zuwa kanti, zuwa taron masu sha'awar motoci a daren Juma'a ko Asabar.

Ba a fahimtar wannan al'ada sai an san yadda ake gina taya. A ƙarƙashin robar da ido ke gani akwai shimfiɗun zare, galibi na nailan ko makamancinsa, su ne ƙashin taya. A tsohuwar ƙira ana shimfiɗa zaren a karkace daga wannan baki zuwa wancan, bisa kusurwar digiri 30 zuwa 40, shimfiɗa ta gaba kuma ta gicciye ta farko, kamar yadda kaba ke hawa kan kaba a saƙar tabarma. Ita ce taya mai saƙar gicciye. A cikinta gefe da tafin da ke taka ƙasa jiki ɗaya ne, duk abin da ya lanƙwasa gefe sai ya murɗe tafi. Ɗaya ƙirar ita ce radiyal, wadda kamfanin Michelin na Faransa ya yi wa rajista a 1946. A nan zaren yana tafiya kai tsaye daga baki zuwa baki, sannan a ɗaura ɗamarar waya a ƙarƙashin tafin, ta yadda gefe zai iya lotsawa tafi kuma ya zauna daram. Radiyal ta fi daɗewa, ta fi rage shan mai, ta fi riƙe kwana, shi ya sa bayan tsadar man 1973 ta mamaye kasuwar Amurka, har ta kai kusan duk sabuwar ƙaramar mota da ita take fitowa. Ƙirar gicciye ba ta mutu ba, har yau ita ce a ƙafafun yawancin babura da Keke Napep da taraktoci. A jikin taya ana gane su: harafin R a cikin lambar girma alamar radiyal ce, ita kuwa tayar tsere ta gicciye ana rubuta girmanta da inci, misali 28x11.50-15, wato tsayi, faɗi, da girman wili.

Abin da ya kori ƙirar gicciye daga titi shi ne ya ba ta daraja a filin tsere. Idan direba ya saki kuloci injin yana ruri, ƙarfin yana dukan taya gaba ɗaya lokaci guda. Gefen tayar gicciye siriri ne mai laushi, iskar da ke ciki kuma kaɗan ce, sai wili ya riga tafi juyawa, gefen ya yamutse kamar bakin buhu da aka murɗa. Wannan yamutsewa tana shanye dukan, tana shimfiɗa tafin ya yi tsawo a ƙasa, daga nan ta warware ta tura motar. Idan ma tayar ta ɗan sulɓe, takan sake kamawa ba tare da an ɗaga ƙafa daga totur ba. Radiyal ba ta da wannan haƙuri, idan ta kama ta kama, idan ta kuɓuce sai an sassauta. Wannan ne dalilin da masu motar giyar hannu suka fi son gicciye, masu otomatik kuma suka fi jituwa da radiyal. Manyan motocin ajin Top Fuel, waɗanda ke wuce kilomita 500 a awa a cikin ƙafa 1,000 (tazarar da aka rage musu ke nan tun 2008), har yanzu tayoyin gicciye na Goodyear suke takawa, da iskar da matsinta bai kai psi 10 ba. Tsananin juyi yakan sa tayar ta miƙe ta ƙara tsayi, ta zama tamkar an ƙara giya.

Tayar tsere ta ainihi suɗaɗɗiya ce, ba zane ko ɗaya. Kamfanin M&H na Marvin Rifchin, a jihar Masacusets, yana cikin na farkon da suka ƙera ta musamman domin dirag a shekarun 1950, sai Hoosier da aka kafa a Indiyana a 1957, da Mickey Thompson a 1963. Doka ba ta yarda a hau titi da suɗaɗɗiyar taya ba. To amma akwai azuzuwan gasa da ƙa'idarsu ta ce dole mota ta zo da tayar da ke ɗauke da tambarin DOT, na ma'aikatar sufurin Amurka, domin a ce gasar ta motocin titi ce. Sai kamfanoni suka ɗauki ginin tayar tsere da robarta mai danƙo, suka tsaga mata 'yan layuka marasa zurfi, suka cika sharuɗɗan gwajin da ake nema, suka buga tambarin. Haka aka sami irin su ET Street na Mickey Thompson da Quick Time Pro na Hoosier.

A nan ne ruɗanin yake, kuma shi ne ginshiƙin al'adar. Mai saye yana ganin haruffa uku ya ɗauka an ba shi izinin hawa ko'ina a kowane yanayi. Tambarin kuwa shaida ce daga kamfani cewa tayar ta cika mafi ƙarancin sharuɗɗan ƙarfi da juriya da rubutun jiki. Bai ce komai ba game da yadda za ta tsaya a jiƙaƙƙen titi ko yadda za ta ɗauki kwana. Kamfanin Hoosier da kansa yana rubuta gargaɗi cewa tayoyinsa na tsere masu wannan tambari ba domin hawa babban titi aka yi su ba. Gargaɗin gaskiya ne, kuma abin takaici ne yadda ake tsallake shi.

Matsala ta farko da direba ke ji a jikinsa ita ce lilo. Gefen da aka yi domin ya yamutse gaba da baya ba ya iya tsare mota hagu da dama. A juya sitiyari, gaba ya amsa nan take, baya kuma ya yi jinkiri kafin ya biyo, sannan ya wuce gona da iri. Ko a miƙaƙƙen titi, idan an yi gudu, bayan motar yana rangaji, tayar kuma tana bin duk wani kwari ko tsagi da manyan motoci suka bari a kwalta. Abin yana ƙara muni ne da yake kusan kowace mota radiyal ce a gabanta, masu sa tayar tsere kuma baya kaɗai suke canzawa. Gaba mai riƙo da baya mai santsi shi ne haɗin da ke sa mota ta juya da mutum a kwana ko a lokacin kauce wa wani abu ba zato. A Birtaniya doka ta hana sa radiyal a gaba da gicciye a baya, ta kuma hana haɗa su a aksul ɗaya. A filin tsere masu gicciye a baya kan sa siraran tayoyin gicciye a gaba domin ƙafafun huɗu su yi hali ɗaya, amma siririyar taya tana rage ƙarfin birki, abin da titin gari ya fi buƙata.

Ruwan sama ya fi lilo haɗari. Aikin zanen taya shi ne ya kori ruwa daga ƙarƙashin tafi. Tayar mota ta yau da kullum takan zo da zane mai zurfin kusan milimita 8, da hanyoyi masu fitar da ruwa ta gefe. Tayar tsere mai tambari tana zuwa da layuka 'yan kaɗan marasa zurfi, waɗanda bayan 'yan fitowa a fili sun kusa shafewa, alhali yawancin jihohin Amurka suna neman aƙalla milimita 1.6. Ga ta da faɗi, ga ƙarancin iska. Binciken da Walter Horne ya yi a hukumar NASA a farkon shekarun 1960 ya nuna cewa, idan ruwa ya fi zane zurfi, gudun da taya ke rabuwa da ƙasa ta hau kan ruwa ya dogara ne da yawan iskar cikinta. Bisa lissafinsa, taya mai psi 36 takan fara shawagi a kusan kilomita 100 a awa, mai psi 16 kuwa a kusan kilomita 66. Wannan gudu ne na cikin gari. Idan tayoyin baya suka hau ruwa na gaba suna riƙe da ƙasa, sitiyari ba shi da abin da zai gyara.

Batun iska ma kansa tsaka mai wuya ne. A fili ana rage ta zuwa tsakanin psi 10 da 16, motar gida kuwa tana tafiya da 30 zuwa 35. Idan aka bar ta ƙasa aka kama doguwar hanya, shimfiɗun zaren da suka gicciye juna suna gogayya a kowane juyi, zafi ya taru, kuma zafi ne ke raba roba da zare har taya ta fashe. Idan aka ƙara iska domin rage lilo da zafi, tafin ya kumbura a tsakiya, domin babu ɗamarar waya da za ta riƙe shi, sai tsakiyar ta cinye gefuna suna nan. Siririn gefen kuma yana yoyon iska a hankali, shi ya sa da yawa ake sa musu tif, tif kuma yana ƙara nauyi da zafi, idan ƙusa ta huda shi iskar takan fita da sauri. Wasu har sukurori suke ɗaurawa ta bakin wili su kama bakin taya don kada ta zame. Rami ɗaya mai kaifin baki ya isa ya tsaga irin wannan gefe.

Akwai kuma asarar da ba ta kai ta rai ba amma tana cin aljihu. Robar tana da laushi, kwalta na cinye ta da wuri, kuma idan ta yi zafi tana kwasar tsakuwa da ƙusoshi tana watsa wa jikin mota. Duk lokacin da ta yi zafi ta huce, man da ke cikinta yana raguwa, ta ƙara tauri. Wanda ya yi wata guda yana kai da kawowa da ita zai isa fili da tayar da ta rasa danƙon da ya saye ta dominsa. Zaren nailan yana riƙe siffar wurin da ya kwana, da safe motar ta yi ta dukan ƙasa har sai tayar ta ɗumama. Ko riƙon da ake taƙama da shi ma ba ya samuwa a titi yadda ake zato, domin a fili sai an jiƙa tayar an juya ta ta yi hayaƙi ta ɗauki zafi, layin tashi kuma an fesa masa sinadari mai danƙo a kan robar da ta riga ta kwanta. Titin gari ƙura ce da yashi da ɗigon mai.

Duk da haka masu wannan al'ada suna da hujjojinsu, kuma ba duka ne na banza ba. Motar da aka ƙara wa inji har ya ninka ƙarfinsa na asali tana iya juya tayar gida a giya ta ɗaya da ta biyu ko da a busasshen titi, mai ita kuwa yana ganin taya mai danƙo ta fi masa aminci. Wani ba shi da tirela ko motar ja, da ƙafarta motar ke zuwa fili ta dawo. Wani kuma kamannin yake so, salon da ake kira Pro Street wanda ya yi tashe a Amurka a shekarun 1980, inda ake faɗaɗa mazaunin ƙafafun baya a cusa tayoyi masu faɗin gaske. Hujjar farko ta yi rauni tun daga tsakiyar shekarun 1990, lokacin da BFGoodrich ya fito da radiyal ta dirag, wasu kamfanoni kamar Nitto da Mickey Thompson suka biyo baya. Tana da roba mai danƙo a kan ginin radiyal, ba ta lilo, tana jituwa da tayoyin gaba, ana iya tafiya da ita da iska mai yawa. Ita ma ba abokiyar ruwan sama ba ce, kuma tana saurin cinyewa, amma ta cire mafi munin aibin.

Hujja ta biyu, ta rashin tirela, ita ce mai nauyi, kuma amsarta tana wurin waɗanda suka fi kowa sanin tseren motocin titi. Mujallar Hot Rod ta fara gasar Drag Week a 2005: kwana biyar ana tsere, kuma dole kowace mota ta tuƙa kanta daga fili zuwa fili, tafiyar da ke kai kusan mil 1,000, ba tare da an ɗora ta a tirela ba. Da yawa daga masu mafi saurin motoci a wannan gasa suna jan 'yar ƙaramar tirela a baya, a cikinta akwai jak da kayan aiki da tayoyin tsere. Da safe su ɗaura su a fili, su yi gudunsu, da rana su kwance su mayar da na hanya kafin su kama titi. Waɗanda ke zuwa fili na kusa da gida a kan tayar gicciye mai tambari kuma sukan duba hasashen yanayi kafin su fito, su ƙara iska daidai da abin da kamfani ya ƙayyade, su rage gudu, su bar tazara mai yawa, sai sun isa su sauke iskar da geji, su sake cikawa kafin komawa. Idan hadari ya haɗu suna can, sukan bar motar ta kwana ko su nemi a ɗauko ta.