Kwamfuta mai jin magana: don wa aka yi ta?

Duk bayan 'yan shekaru sai kamfanonin kwamfuta su dawo mana da alkawari guda: wai an kusa ajiye kibod da maus, baki kaɗai zai wadatar. Apple ta saka mataimakiyar murya Siri cikin kwamfutocin Mac a 2016. Microsoft ta yi ta tallan Cortana, sannan ta janye ta daga Windows a 2023. Yanzu kuma Copilot ake yayi da ire-irensa, inda za ka zauna kana hira da na'ura tana ba ka amsa. Ni dai ban yarda mai lafiyayyun hannaye zai rabu da kibod nan kusa ba, kuma wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne mutumin da sarrafa kwamfuta da murya ya zame wa dole, wanda ba kasafai ake ganinsa a waɗannan tallace-tallace ba.

Aikin ya daɗe. Tun a 1952 injiniyoyin Bell Labs a Amurka suka ƙera na'ura mai suna Audrey, wadda lambobi kawai take ganewa. Sai a 1997 manhajar Dragon NaturallySpeaking ta ba mutum damar yin magana a jere, ba tare da ya riƙa tsayawa bayan kowace kalma ba. Likitoci da lauyoyi sun saya don sauƙin aiki. Amma waɗanda suka riƙe ta hannu bibbiyu su ne masu larurar laka, da masu shanyewar jiki, da ma'aikatan da yawan bugun kibod ya lalata musu jijiyoyin wuyan hannu.

Shifta, wato ka faɗa a rubuta, ita ce ɓangare mai sauƙi. Wahalar tana wajen sarrafawa. Ta yaya wanda ba ya iya motsa yatsa zai danna wani ɗan maɓalli da ke can kusurwar fuskar kwamfuta? Dabarar da aka samo ta burge ni ƙwarai, saboda babu ƙarya a cikinta. A Voice Control da Apple ta fitar a 2019, da Voice Access da ya zo cikin Windows 11 a 2022, mutum zai ce a nuna lambobi, nan take kowane abin dannawa ya samu lambarsa. Ya ce a danna bakwai, a danna bakwai. Idan kuma wurin ba shi da maɓalli, kamar cikin hoto ko taswira, sai ya sa a raba fuskar gida-gida, ya zaɓi gida ɗaya, a sake raba wannan gidan, har ya isa daidai ɗigon da yake nema. Akwai jinkiri, babu shakka. Sai dai abin da ka faɗa shi za a yi, yau da gobe da jibi, ba tare da na'urar ta yi maka tunani ba.

Nan ne na raba gari da sabon yayin. Mataimakin da ake hira da shi hasashen nufinka yake yi. Idan ya yi kuskure, mai hannu zai kai hannu ya gyara cikin daƙiƙa biyu, ya ma manta an yi. Wanda ba shi da wannan hannun fa? Wasiƙar da aka aika wa wanda ba shi ake nufi ba, ko fayil ɗin da aka goge, shi zai zauna da su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa masu dogaro da murya a aikinsu suka fi son gajerun umarni tsayayyu a kan doguwar hira. A 2013 wani mai rubuta manhaja, Tavis Rudd, ya nuna wa taron masu rubuta manhaja na PyCon yadda yake aikinsa da baki bayan ciwon hannu ya kama shi, da wasu gajerun sautuka da ya ƙirƙira wa kansa. Masu amfani da manhajar Talon a yau irin wannan hanya suke bi. Gajartawar tana da dalili: maƙogwaro ma yana gajiya, kuma wanda ya rasa hannu ba zai so ya ƙara da dushewar murya ba.

Akwai kuma batun amana. A 2018 kamfanin Nuance ya daina sayar da Dragon na kwamfutocin Mac. A wajen kamfani lissafin kasuwa ne kawai. A wajen wanda da ita yake rubuta takardun ofis yana cin abinci, hanyar abincinsa aka taɓa. Duk kamfanin da ya sa mutane suka jingina rayuwarsu da kayansa, bai kamata ya janye shi don wani sabon yayi ya fito ba.

Mai lafiya kuwa, ya gwada ba kwamfuta umarni a shagon buga takardu, janareta na ruri, mutum biyar na jiran layi a kansa, kowa na jin sirrin da yake faɗa. Zai koma wa kibod tun kafin a kira azahar.

Mu Hausawa matsalarmu ta ma fi haka nisa. Voice Access da Voice Control duk ba sa karɓar umarni da Hausa. Wanda haɗarin babur ya taɓa wa laka a Kano ko Maraɗi, idan ba ya jin Turanci ko Faransanci, ƙofar a rufe take gare shi. Idan ma yana ji, sai na'urar ta amince da lafazinsa. Alhali Najeriya tana da dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019. Ban ga yadda za a ba mutum gurbin aiki a ofis ba, sannan a bar shi da kwamfutar da ba zai iya taɓawa ba.

Ba daga sifili za a fara ba. Manhajar gane magana ta Whisper da OpenAI ta saki a 2022 ta lissafa Hausa cikin harsunanta, ko da yake ba ta kai kusa da yadda take jin Turanci ba. Shirin Common Voice na Mozilla yana tara muryoyin Hausa daga 'yan sa kai, kowa na iya karanta jimla ya bayar kyauta. Kuma sarrafa kwamfuta bai buƙaci na'ura ta san Hausa kaf ba. Buɗe, rufe, danna, sauka, koma baya, sai lambobi: kalmomi ƙalilan ne, aikin da ɗaliban kimiyyar kwamfuta a jami'o'inmu za su iya ɗauka. Roƙona ga duk wanda zai yi shi, kada ya tsaya kan muryar samari 'yan birni. Ya naɗi ta mata da ta dattawa, ta Basakkwace da ta Badamagare, ya kuma je wajen waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta nauyaya wa harshe, kamar yadda Google ta fara yi a 2019 da shirinta na Euphonia, ya zauna da su su faɗa masa umarnin da suke buƙata.