Arangamar Bindiga a Finafinan Kaboyi da Abin da Tarihi Ya Nuna

Finafinan kaboyi sun daɗe suna maimaita hoto ɗaya: maza biyu sun fuskanci juna a tsakiyar titi da rana tsaka, hannu kusa da ƙugu, wanda ya riga zare bindiga shi ne mai gaskiya. Masu shirya fim sun mayar da wannan hoto tamkar shi ne tarihin garuruwan shanu na yammacin Amurka, kuma abin takaici ne, domin garuruwan ba haka suka rayu ba.

Garuruwan sun taso ne a jihar Kansas, inda makiyayan Texas ke koro shanu zuwa bakin layin dogo. Abilene ta fara a 1867, sannan Ellsworth, Wichita, Dodge City da Caldwell. Masanin tarihi Robert Dykstra, a littafinsa na 1968, ya ƙirga kisan kai 45 kacal a waɗannan garuruwa biyar daga 1870 zuwa 1885. Fim ɗaya kan zubar da gawarwakin da suka kai haka kafin a tashi. Gaskiya ne mazauna ba su da yawa, don haka adadin ba ƙarami ba ne a wurinsu, amma bai kai kullum a kwashi gawa a titi ba.

Abin da finafinan suka fi ɓoyewa shi ne dokar ajiye makami. 'Yan kasuwa na son kuɗin makiyaya, ba sa son jini a ƙofar shago, shi ya sa Dodge City da Wichita suka hana yawo da bindiga cikin gari. Ɗan doka irin Wyatt Earp ya fi buga wa mashayi bindiga a ka ya ja shi gidan wakafi, a kan ya harbe shi. Hatta faɗan O.K. Corral na 26 ga Oktoba 1881, a Tombstone, garin haƙar azurfa a Arizona, ya tashi ne wajen ƙoƙarin karɓe makamai. Bai wuce daƙiƙa 30 ba, mutum uku suka mutu, amma Hollywood ta gina masa finafinai a 1946, 1957 da 1993.

Haka kuma rabon da ake yi tsakanin ɗan doka mai tsarki da ɗan caca mugu ba shi da tushe. Earp kansa ɗan caca ne, amininsa Doc Holliday likitan haƙori ne da ya koma cin abinci da karta. Hukumomin gari na karɓar tara duk wata daga gidajen caca da na karuwai, da ita ake taimakawa wajen biyan 'yan doka. Wild Bill Hickok, wanda ya yi aikin ɗan doka a Abilene a 1871, yana zaune yana karta a Deadwood a 1876 Jack McCall ya harbe shi a ƙeya. Yawancin kisan wancan zamani irin wannan ne: maye, bashi, kwanton ɓauna.

Dole a amince cewa Hickok ya taɓa yin fito-na-fito da Davis Tutt a Springfield a 1865, kan bashin caca, kuma High Noon na 1952 fim ne mai kyau ƙwarai. Sai dai faɗan Springfield ya yi suna ne saboda ba a saba ganin irinsa ba. Labarin ɗan dokan da ke raba karta da dare, ya karɓi tara da safe, ya fi arangamar titi armashi, kuma har yanzu finafinan da suka ɗauke shi da gaske ba su da yawa.