Ilimin Ɗanɗano: Abin da Gazali Ya Je Nema Wajen Sufaye

A shekarar 1095 Imam Gazali, babban malamin makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ya zauna ba da karatu harshensa ya ƙi motsi. Likitoci suka ce ciwon a zuci yake. Ya ajiye muƙami, ya nufi Dimashƙa, daga can Ƙudus, sannan Makka. Mutumin da ya kai maƙura a fiƙihu da tauhidi, wanda ya warware hujjojin Farabi da Ibn Sina a littafinsa Tahafutul Falasifa, me kuma ya rage masa?

Ya ba da amsa a littafinsa Al-Munƙiz minad Dalal. Hujja tana iya tilasta wa hankali ya yarda, amma ba ta sanyaya zuciya. Sufaye kuwa sun ce akwai sanin da ba a samu da ji ko karatu, sai da ɗanɗano, bayan an horar da rai da zikiri, halwa da rage kwaɗayi. Likita yana iya haddace sharuɗɗan lafiya alhali yana kwance ba lafiya. Wannan shi ne jigon sufanci a ganina, ba karama ko tafiya a kan ruwa ba.

Masu falsafa ma ba duka suka rufe wannan ƙofa ba. Ibn Ɗufail na Andalus, wanda ya rasu a 1185, ya tsara labarin Hayyu ɗan Yaƙzan, yaron da ya tashi shi kaɗai a tsibiri, tunani ya kai shi ga sanin Mahalicci, daga nan ya zarce zuwa halin da baki ba ya iya faɗa.

To, a nan gizo ke saƙar. Hujja ana baje ta a faifai kowa ya duba. Ɗanɗano fa, wa zai tantance shi? Wani sufi, Hallaju, ya furta abin da ya ji a ransa, aka kashe shi a Bagadaza a 922. Junaidu, wani sufin da ya riga shi rasuwa, ya fifita natsuwa a kan maye, ya ɗaure komai da Alƙur'ani da Sunna.

Gardamar ta iso mu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo Baƙadire ne, kuma masanin fiƙihu mai tsanani. Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ya buɗe tarbiyya ga talaka, har ɗan kasuwar Kano ya shiga zancen ma'arifa. Sheikh Abubakar Gumi ya ƙalubalanci ɗariƙu, aka kafa Izala a Jos a 1978. Ina ganin ɓangarorin biyu, masu ɗariƙa da masu sukarta, kowa na da abin da yake karewa: ɗaya yana tsoron addini ya bushe ya zama hukunci zalla, ɗayan yana tsoron mai da'awar kashafi ya sa kansa sama da shari'a.

Gazali bai dawwama a halwa ba. A 1106 ya koma karantarwa a Naisabur, kuma Ihya'u Ulumiddin, littafin da ya rubuta a shekarun keɓewarsa, da babin ilimi ya fara, sannan aƙida, tsarki da salla.