Hannun Farko a Wikipedia

"Kada ka fara da sabuwar maƙala, Auta," in ji yayarsa, tana miƙa masa wayarta. Ta daɗe tana gyare-gyare a Wikipedia ta Hausa, shi kuwa ranar ya buɗe asusu, ya zaɓi sunan da za a riƙa ganin aikinsa da shi. Ni dai ina gefe ina kallo.

Babban kundin ilimin Wikipedia, wanda Jimmy Wales da Larry Sanger suka kafa ranar 15 ga Janairun 2001, babu mai gadi a ƙofarsa. Kowa na iya shiga ya gyara. Shi ya sa gwanayensa suke farawa da ɗan abu. Ta buɗe masa shafin Abubakar Imam, ta sa ya danna wurin gyara, ya nemo kalma guda da aka rubuta ba lanƙwasa. Ya mayar da "kasa" ta koma "ƙasa". A ɗan akwatin da ke ƙasa ya rubuta abin da ya yi, kalma uku kacal, sannan ya wallafa. Ta nuna masa tarihin shafin: ga sunansa, ga lokacin, ga yadda rubutun yake kafin ya taɓa shi. Komai aka yi yana nan a ajiye, don haka kuskure ba ya kashe kowa, ana iya mayar da shi da dannawa ɗaya.

Inda na fi jinjina mata shi ne gyara na biyu. Yaron ya rubuta cewa Imam "gwarzon marubuci ne da ba a taɓa yin irinsa ba". Ta girgiza kai.

"Wa ya faɗa?"

"Ai kowa ya sani, Yaya."

"To kowa ba madogara ba ne."

Bahaushe ya saba da kirari, kuma cire shi daga alƙalami ba ƙaramin horo ba ne. Suka share yabon, suka rubuta cewa shi ne editan Hausa na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939. Sai madogara, wato shaidar inda aka samo maganar: sunan littafi, marubucinsa, shekarar bugu, lambar shafi. Ƙaramar lamba ta fito a ƙarshen jumlar. Ta hana shi kwafo rubutun littafin yadda yake. Sai ya karanta, ya rufe, ya faɗa da bakinsa. Kalmar Zariya kuwa suka kewaye ta da baka biyu-biyu masu kusurwa, ta zama shuɗiya, mai karatu ya danna ya tafi can. In ta fito ja, alama ce ba a rubuta wannan shafin ba tukuna.



Kafin magariba wani edita da ba su taɓa gani ba ya sauya musu tsarin jumlar. Ran Auta ya ɓaci, ya so ya mayar. Ta kai shi shafin tattaunawa, ta ce ya yi sallama, ya tambayi dalili, ya sa hannu da alamar nan mai kama da igiyar ruwa sau huɗu, ~~~~, wadda ke juyewa ta zama sunansa da kwanan wata. Ya rubuta, ya ajiye wayar, ya tafi alwala.